Jatan Lande, Masara da Dankali a Tukunya Ɗaya

A jihohin da ke gaɓar teku a kudu maso gabashin ƙasar Amurka akwai wani abinci da ake dafa wa taron jama'a, wanda sauƙinsa ya sa nake ganin ya cancanci shiga kicin ɗin kowane mai son abincin teku. Ana samun babbar tukunya ne a cika ta da ruwan da ya ji gishiri da kayan yaji, a dafa dankalin turawa da masara da sosej da jatan lande a ciki, sannan a tsane ruwan a juye komai a kan tebur da aka shimfiɗa wa takarda, kowa ya sa hannu ya ci. Babu suya, babu tuƙi, babu jajjage, amma duk da haka sau da yawa ana ɓata shi, kuma dalilin kusan kullum ɗaya ne: an zuba kayan a lokacin da bai dace ba.

Ana yawan danganta wannan girki da wani ƙauye mai suna Frogmore da ke tsibirin St. Helena, kusa da garin Beaufort a jihar Carolina ta Kudu, inda aka ce wani mutum mai suna Richard Gay, wanda iyalinsa ke sana'ar kifi, ya shahara da dafa shi ga abokan aikinsa na soja a shekarun 1960. Tsibirin yana cikin yankin al'ummar Gullah, jikokin 'yan Afirka ta Yamma da aka kai bauta gonakin shinkafa da auduga, waɗanda suka daɗe suna rayuwa da abin da teku ke ba su. A jihar Luwiziyana ma ana yin irinsa, sai dai nasu ya fi yaji ƙwarai, kuma sun fi yin sa da wani ɗan uwan jatan lande na ruwan daɗi, wanda ake kiwo a gonakin shinkafa. Ni dai salon Carolina na fi ɗauka, domin ya fi barin mutum ya ji ɗanɗanon jatan landen kansa, amma akwai wata dabara ta mutanen Luwiziyana da ba na yin girkin sai da ita.

Abu na farko shi ne jatan landen. A nemi manya masu ɓawonsu, domin ɓawon yana kare tsokar daga zafin ruwa, yana kuma ƙara wa romon daɗi. A jikin ledar waɗanda ake sayarwa a daskare akan ga lambobi kamar 16/20 ko 21/25, wato adadin da ke cikin fam ɗaya, kimanin giram 454. Idan lambar ta yi ƙasa, jatan landen sun fi girma, kuma waɗannan ma'aunai biyu su ne suka fi dacewa. Kada a sayi wanda aka riga aka dafa, wanda ake gane shi da jan launinsa, domin dahuwa ta biyu za ta busar da shi. Mu da muke nesa da teku, daskararre ne abin da za mu samu, kuma babu laifi a cikinsa, tunda yawanci ana daskarar da shi ne jim kaɗan bayan an kamo shi. Abin lura shi ne ledar da ƙanƙara ta dunƙule a cikinta ta zama curi guda, domin alama ce ta cewa ya narke an sake daskarar da shi, abin da ke faruwa a inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Idan ya narke yana wari mai hawa kai, to a zubar da shi kawai. A narkar da shi cikin ruwan sanyi na kimanin minti 20, ba ruwan zafi ba, sannan a tsaga bayansa da almakashi a zare baƙin zaren nan, wanda hanjinsa ne, a bar ɓawon a jikinsa.

Batun sosej yana buƙatar kulawa daga Musulmi, domin wanda Amurkawa ke sakawa, musamman mai suna andouille, da naman alade ake yin sa. Sosej ɗin naman shanu ko na kaza na halal, wanda aka kyafe, yana maye gurbinsa sarai, kuma idan ba a samu ba, kyafaffen kaza yana ba romon ƙamshin hayaƙin da ake nema. Shi kuwa jatan landen, a mazhabar Malikiyya halal ne kamar sauran dabbobin ruwa. Wanda ya san jikinsa ba ya karɓar jatan lande ko ƙaguwa ya nisanci tukunyar gaba ɗaya, har da dankalin da masarar, tunda ruwa ɗaya ne ya dafa su.

Ruwan dahuwar shi ne ginshiƙin abincin, kuma a nan ne mutane suka fi yin rowa. Amurkawa sun dogara da haɗin kayan yaji na gwangwani, mafi shahara shi ne Old Bay, wanda Gustav Brunn, wani Bayahude da ya gudo daga Jamus, ya haɗa a birnin Baltimore wajen 1939, kafin kamfanin McCormick ya saye shi a 1990. Mutanen birnin New Orleans na jihar Luwiziyana kuwa sun fi amfani da na kamfanin Zatarain's. Wanda ya samu ɗaya daga cikinsu, rabin kofi ya isa lita 5 na ruwa. Wanda bai samu ba kada ya fasa, domin mafi yawan abin da ke ciki muna da shi: gishiri babban cokali 4, garin tattasai cokali 3, garin barkono gwargwadon ƙarfin masu ci, masoro, citta, kanumfari kaɗan, ganyen bay (busasshen ganye mai ƙamshi da ake jefawa a miya) guda 4, da ganyen seleri idan akwai. A ƙara albasa 2 da aka raba huɗu, kan tafarnuwa guda da aka tsaga biyu, da lemon tsami 2 da za a matse a jefa har da ɓawon. A bar wannan ya tafasa na minti 10 kafin a saka komai, sannan a ɗanɗana. Ya kamata gishirin da yajin su wuce yadda mutum zai iya shan romon kai tsaye, domin dankali da masara kaɗan kawai suke ɗauka, sauran kuma zai tafi da ruwan da za a tsane.

Daga nan sai jeren zubawa, wanda shi ne dukan sirrin. Ga mutum shida, kilo 1 na ƙananan dankali da bawonsu ne ke fara shiga, su yi minti 12 zuwa 15, har wuƙa ta fara shiga cikinsu amma ba su gama nuna ba. A girkin Amurkawa masara ce ke biyo baya tare da sosej, su yi minti 5 zuwa 7, amma a tuna cewa tasu masarar mai zaƙi ce mai taushi. Ɗanyar masarar da muke gasawa da damina ta fi ta tauri nesa ba kusa ba, saboda haka idan da ita za a yi, sai a zaɓi mai ɗanyen ruwa wadda farce ke huda ƙwayarta, a kakkarya kowace masara kashi uku, a sa ta a tukunya kimanin minti 10 kafin dankalin ma. Rabin kilo na sosej, an yanka shi manya-manya, ya shiga bayan dankalin ya kusa nuna.

Jatan lande, kilo 1, shi ne na ƙarshe, kuma daga lokacin da ya shiga mai girki ba ya barin gaban murhu. Minti 2 zuwa 3 sun ishe shi. Idan ɓawon ya yi ja, tsokar ta yi fari ta daina sheƙi, jikinsa ya lanƙwashe kamar harafin C, ya nuna. Idan kuwa ya naɗe har kai ya taɓa wutsiya, an wuce gona da iri, tsokar ta matse ta fitar da ruwanta ta zama kamar roba, kuma babu abin da zai dawo da ita. Ina jin zafin hakan sosai, domin shi ne mafi tsada a cikin tukunyar, kuma minti biyu na sakaci ne ke lalata shi.

Dabarar mutanen Luwiziyana tana warware wata matsala ta gaske, wato minti 3 ba su isa yaji ya ratsa ɓawo ba, ƙarin dahuwa kuma ɓarna ce. Abin da suke yi shi ne su kashe wuta, su zuba ƙanƙara a tukunyar don zafin ya sauka, sannan su bar komai ya jiƙa. A gida, da zarar jatan landen ya canza launi sai a sauke tukunyar, a zuba ƙanƙara kofi 3 ko 4, a bar shi na minti 10. Zafin ruwan ya ragu, amma yana ci gaba da shigar da gishiri da yaji. Bambancin da wannan ke kawowa a baki babba ne, kuma shi ya sa nake ƙara gishiri kaɗan tun farko, saboda ƙanƙarar za ta tsarma romon.

Kafin a tsane, a ɗebi kofi ɗaya na romon a ajiye. A narkar da bota ko man shanu da daƙaƙƙiyar tafarnuwa a wuta kaɗan, a zuba ɗan romon da ruwan lemon tsami, a yaryaɗa a kan abincin bayan an juye shi a babban tire, sannan a barbaɗa yaji. Ana cinsa da zafinsa, da hannu, a ɓare ɓawo a tara a gefe, kuma ga mutanen da suka saba haɗuwa a kwano ɗaya wannan ba baƙon abu ba ne. A tanadi ruwan wanke hannu da yankan lemon tsami, domin shi ne ke cire ƙarni. Abin da ya rage kada ya wuce awa 2 a waje. A sa shi a firji a cinye cikin kwana 2, kuma gara a ɓare jatan landen a ci da sanyinsa, ko a jefa shi cikin soyayyar shinkafa dab da saukewa, maimakon a sake tafasa shi.