Ranar da aka buɗe injin motar Alhaji

Asabar, bayan isha'i.

Har yanzu hannuna warin baƙin mai yake yi, duk da na wanke shi da sabulu sau uku. Kuma ba wani aiki na yi ba, tsayawa kawai na yi ina kallo, sai fistin guda ɗaya da na ɗauka na jujjuya.

Ƙarfe bakwai da rabi Baba makaniki ya kira ni. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Ɗan Alhaji, mun sauke inji tun jiya. Ba zan kwance shi ba sai kana tsaye, kada gobe ka ce na ƙara maka gishiri." Shekararsa ta haura saba'in, kuma shi yake duba wa marigayi mahaifinmu wannan mota tun ina firamare, don haka ban yi musu ba. Na sha shayi a tsaitsaye na hau Keke Napep.

Motar Peugeot 504 ce, amma ba irin wadda kowa ya sani ba. Mai ƙofa biyu ce, Coupé, ƙirar 1972, gajera, mai kwantaccen baya. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, kuma a 1969 aka fara fito da irinta. Alhaji ya saye ta a hannun wani Bafaranshe da ya gama aiki a Kaduna zai koma gida. Muna yara idan ya sauke mu a makaranta, yara kan kewaye ta suna musu, wai Fijo ce ko ba Fijo ba ce, har sai wani ya nuna musu zakin da ke gaba. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana ajiye a ƙarƙashin rumfa, tun ranar da ta yi zafi a hanyar Zariya ta fara haɗa ruwa da mai.

Wata biyu da suka wuce, da Baba ya zo ya leƙa ta a gida, na matsa masa ya faɗa mini abin da garambawul zai ci. Ya ƙi, na nace, ya ce to in ajiye dubu 600 a raina. Ni kuwa na riƙe wannan lissafi kamar karatun allo, har na faɗa wa uwargida. Wautata ke nan ta farko.

Na tarar da injin a kan tsohuwar taya, yara biyu na wanke shi da fetur a cikin rabin jarka. Da aka ɗaga top silinda, wato murfin saman injin, Baba bai ce komai ba, sai ya sa farcen babban yatsa ya ƙwaƙuli gefen ramin ruwa. Wani farin gari ya zubo kamar alli. Top ɗin na alminiyom ne, gangar injin kuma baƙin ƙarfe, mu kuwa shekara da shekaru ruwan rijiya muke ɗura wa lagireto, babu maganin hana tsatsa. Ruwan ya ci alminiyom ɗin har ya kusa kai bakin silinda ta uku. Ta nan gasket, wato abin da ke toshe tsakanin top da ganga, ya ƙone. Sai an kai shi wajen walda an cike, sannan a kai wajen tana, masu injin yankan ƙarfe, a share fuskarsa ta daidaita, a sake zaunar da bawul. A nan na tuna cewa ita kanta kalmar garambawul da 'yan jarida ke yi wa majalisar ministoci daga gareji ta fito, daga wannan aikin goge bawul ɗin.

Wani yaro ya kama fuli zai juya inji don a ga fistin. Baba ya daka masa tsawar da har mai shayin tsallaken titi sai da ya waiwayo. Injin 504 silif gare shi, wato kowane fistin yana hawa da sauka ne a cikin wani bututun ƙarfe da ake iya zarewa, ruwa kuma yana zagaya shi kai tsaye. Idan an cire top, babu abin da ke danne su. Ka juya kiransha, wato sandar da ke ɗaga fistin tana sauke shi, silif ya ɗaga, abin da ya toshe ƙasansa ya lalace, ruwa ya sami hanyar gangarawa cikin baƙin mai. Yau duk za a zare su ne, don haka babu asara, amma Baba ya ce hannu ba ya sanin ranar da babu asara, abin da ya saba shi zai yi gobe a motar wani. Wannan tsari shi ne alherin injin: ba sai an faɗaɗa ramin ganga ba, a zare tsoho a sa sabo. Amma sai an auna yadda kowane silif ya ɗan ɗara fuskar ganga, da abin da bai fi kaurin takarda ba. In aka kuskure, sabon gasket ba zai yi wata uku ba.

Fistin na uku shi na ɗauka. Ringinsa ya manne a cikin tsaga, gefensa ya yi zane-zane kamar an ja shi a kan tsakuwa. Kiransha ma ya yi layi, farce na kamawa. An taɓa yanke shi sau ɗaya, Baba ya ce da sauran nama, zai ɗauki yanka na biyu da metal mai kauri, wato ƙarfen da kiransha ke juyawa a kansa.

Daga nan aka yago bayan kwalin filogi aka fara rubutu. Silif da fistin da ringi, saiti ɗaya, dubu 380 in ana son na kirki. Aikin top dubu 120, tana dubu 150. Metal, gasket, sarkar taimin, famfon baƙin mai, famfon ruwa, saƙar lagireto, ga kuɗin hannunsa dubu 250 wanda ya ce don Alhaji ne ya tsaya a nan. Da aka haɗa, miliyan 1 da dubu 305. Na ce, "Baba, ai kun ce dubu 600." Ya ce, "Na ce, kafin in ga ciki. Kai ka taɓa ganin an yi wa mara lafiya kuɗin aiki daga bakin ƙofa?"

Gaskiya wannan ɓangaren bai tayar mini da hankali sosai ba, don ana samun kayan. A 1975 aka fara haɗa 504 a Kakuri da ke Kaduna, kuma an ci gaba da yin ta a nan shekaru da yawa bayan Turai ta daina a 1983. Injin lita biyu mai silinda huɗu da ke cikin tamu ɗan gida ɗaya ne da na tasi da akori-kura da suka taɓa cika hanyoyin Arewa. Abin da ba a samu a kasuwar Panteka ta Kaduna ba, a aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas. Matsalar kawai ita ce rarrabe na gaske da jabu. Bayan azahar mun shiga wani shago, aka miƙo mana gasket a kwali mai sheƙi da rabin kuɗi. Baba ya lanƙwasa gefensa kaɗan, ya shinshina, ya ajiye, ya ce wa mai shagon Allah ya ba da kasuwa. A waje ya ce mini kwalin ya fi abin da ke ciki tsada.

Abin da ya kashe mini jiki shi ne wani ƙarfe da bai fi bulo ɗin sabulun wanki biyu girma ba, mai bututu huɗu a kansa. Motarmu ba ta da kafireta. Famfon Kugelfischer gare ta, na Jamus, irin wanda aka sa wa BMW 2002 tii, yana tura fetur da ƙarfi zuwa kowace silinda, babu kwamfuta, babu waya, bel ne ke juya shi. Fetur ɗin da ya kwana shekara goma sha ɗaya a cikinsa ya zama kamar ƙaro. Baba ya ce shi dai bai taɓa buɗe shi ba ko zamanin Alhaji, kuma ba zai fara koyo a kan namu ba. Na ji daɗin wannan magana fiye da duk abin da ya faɗa yau. Wani mai gyaran irinsa a Jamus da na rubuta wa makon jiya ya amsa cewa in tanadi kamar yuro 1,000, ban da kuɗin aikawa. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, da na iya cije baki in biya. Yanzu wannan ɗan ƙarfen kaɗai ya fi duk abin da ke bayan kwalin filogi.

Sai Baba ya kawo shawarar da na san zai kawo. Akwai injin 504 na gida, mai kafireta, yana da lafiya, dubu 450 har da ɗorawa. Sati ɗaya mota ta tashi. Wanda ya gan ta a titi ba zai san bambanci ba, kuma ko a ƙauye ta tsaya, kowane makaniki zai iya da ita. Ba ni da amsar da ta fi tasa hankali. Na so in ce masa irin wannan motar ce ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1978, Jean-Pierre Nicolas na tuƙi, amma na tuna waccan mai injin V6 ce, tamu ba ita ba ce, kuma ko ita ce ba zai rage ko sisi ba. Abin da ke raina shi ne ƙarar da take yi idan Alhaji ya taka ta bayan an wuce Maraban Jos, wata irin siririyar ƙara da ban taɓa ji a wata Fijo ba. Ban san yadda ake sa wannan a lissafi ba, don haka na yi shiru.

Da yamma na biya wajen Hajiya. Na ba ta labari, na rage kuɗin da kusan rabi. Ta dube ni ta ce, "Ai mahaifinku ma haka yake yi mini, ya faɗi rabi." Sannan ta ce in dai zan gyara, kada a canza kujerar gaba, ko da ta yage.

A gida kuma uwargida ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaya ko na tuna kuɗin makarantar yara saura sati uku. Na tuna.

Abin da na yanke kafin in baro gareji: na ba Baba dubu 270 a kai top da kiransha wajen masu aiki ranar Litinin, tunda ko wace hanya aka bi nan gaba gara a ceci asalin injin. Silif da fistin sai ƙarshen wata. Injin gida ban ce e ba, ban ce a'a ba. Famfon kuwa na ƙi bari a gareji. Na naɗe shi a tsohuwar rigata, na zuba a leda, yanzu haka yana saman durowa kusa da takardun gida, ɗakin duk ya ɗauki warin tsohon fetur, an riga an ce mini gobe da safe in fitar da shi.