Idan mota ta buge mai tafiya a ƙasa, wa zai biya diyya?

Mutane da yawa suna ɗauka direba ne zai zaro kuɗi daga aljihunsa. A yawancin ƙasashe doka ta wajabta wa mai mota yin inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna, don haka kamfanin inshora ake bi. Shi ya sa lambar motar ta fi sunan direban amfani. Duk wanda ke wurin ya rubuta ta, ya ɗauki hoton inda motar ta tsaya, ya karɓi lambar wayar shaidu kafin jama'a su watse.

Sai takardu biyu: rahoton 'yan sanda da na likita, kuma na likitan ya kasance na ranar da abin ya faru. Wanda ya karkaɗe riga ya ce ba komai, sai bayan mako biyu ciwon baya ya taso, zai sha wuya kafin ya nuna hatsarin ne sila. Da wannan giɓin kamfani ke kafa hujja.

Diyyar kashi biyu ce. Akwai wadda ake lissafawa da rasit: kuɗin asibiti, magani, zirga-zirgar ganin likita, albashi ko cinikin da ya tsaya. Akwai kuma wadda ake ƙiyastawa: azabar ciwo, nakasa, da abin da mutum ba zai ƙara iya nema ba. Idan rauni ya yi tsanani, ta biyun ce ta fi kauri, kuma ita ake asara in an yi gaggawar sa hannu a takardar sulhu. Karayar cinya na iya buƙatar tiyata ta biyu. In an riga an rubuta cewa magana ta ƙare, to ta ƙare. A ganina kada a sa hannu sai likita ya faɗi inda raunin zai tsaya.

Tsallaka titi ba a inda ya dace ba yakan rage diyya gwargwadon laifin mutum, ba lallai ya soke ta ba. Faransa ma, tun dokar 1985, da wuya a hana mai tafiya a ƙasa diyyar raunin jikinsa, musamman yaro ƙasa da shekara 16 ko dattijon da ya haura 70.

A kula da wa'adin neman diyya. A Ingila shekara 3 ne. A Afirka ta Kudu, inda asusun da ake tarawa daga harajin man fetur ke biyan diyyar, shekara 3 ne, amma 2 kacal idan direban ya gudu ba a gano shi ba.