Lahadi a zauren Baffa, da lissafin husufi

Tun asuba ake yayyafi, bai ɗauke ba sai wajen ƙarfe goma, don haka ban buɗe shago ba. Na ɗauki babur na kai wa Baffa maganinsa na hawan jini, da niyyar in gaishe shi in juyo. Sai bayan la'asar na baro gidan.

Ɗan ƙanwata ne ya zaunar da ni. Ya faɗo zaure da waya a hannu, wai an ce za a yi husufin rana ranar Litinin, 2 ga Agustan 2027. Baffa ya ajiye carbi ya ce, "Kai yaro, wa ya ba su sanin gaibu?" Na ce, "Allah ya ja da ran Baffa, ai ba gaibu ba ne, ƙidayar wata ce, irin wadda kuke yi kafin azumi." Ya gyara zama ya ce to in ƙidaya masa.

Na fara da abin da ya riga ya sani: rana ba ta husufi sai a ƙarshen wata, sa'ad da wata ya ratsa tsakaninmu da ita. Abin da ya hana a yi duk wata shi ne hanyar wata a karkace take da kusan digiri 5, yawanci inuwarsa ta sama ko ta ƙasa take wuce mu. Amma idan aka yi husufi yau, aka ƙirga wata 223, rana da wata da ƙasa za su sake jeruwa kusan yadda suka jeru. A lissafin Hijira shekara 18 ke nan da wata 7. A na Miladiyya shekara 18 da kwana 10 ko 11, da ƙarin awa 8. Mutanen Babila sun san wannan zagaye tun kafin haihuwar Annabi Isa, masana kuma suna kiransa Saros.

Awa takwas ɗin nan ce ta fi burge ni. Cikinta duniya na juya kashi ɗaya cikin uku na juyinta, sai husufin ya faɗa can yamma da inda ya sauka a baya. Wanda muka gani ranar 29 ga Maris 2006, da duhu ya rufe Gusau da Katsina, shi ne ya dawo ranar 8 ga Afrilun 2024, amma a Meziko da Amurka da Kanada. Sai ya zagaya sau uku, shekara 54 da wata ɗaya, kafin ya komo ɓangarenmu na duniya.

Baffa ya yi shiru yana motsa yatsu. Can ya ce, "In ka cire hamsin da huɗu daga 2027, shekarar fari ke nan." Wallahi ya rigaye ni. Husufin 30 ga Yunin 1973 ne, wanda duhunsa ya ratsa Muritaniya da Mali da arewacin Nijar da Cadi, ya haura minti 7 a inda ya fi daɗewa. Shi ne wanda masana suka bi inuwarsa a jirgin Concorde har minti 74, suka sauka a Fort-Lamy, wato Injamena ta yau. Baffa bai san da jirgi ba. Abin da ya tuna shi ne yana saurayi a gona, rana ta yi laushi da tsakar yini, kaji suka nufi akurki. Ya ce da shanu suka riƙa mutuwa, mutane da yawa sun ɗora wa husufin. Shi da kansa ya kawo hadisin ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu: rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Daga 1973 ɗin zuriyar, wato jerin husufin da ke maimaituwa duk wata 223, ta tafi Hawai da Meziko a Yulin 1991, ta je Indiya da Sin a Yulin 2009, ga ta nan tafe gare mu. Sai dai kowane zuwa tana ɗan gusawa arewa. Shi ya sa a 2027 cikakken duhun zai bi ta kudancin Sifen, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya da Masar, inda zai yi minti 6 da daƙiƙa 23 kusa da Luksor, ya wuce ta Jidda da Makka. Mu nan gefe za mu samu: wata zai gutsuri ɓangaren rana da hantsi ya wuce, gari ba zai yi duhu ba. Da Baffa ya ji Makka sai ya ce, "Ikon Allah. Ashe a Harami za a yi sallar kisfewa cikin duhu." Ya sa yaron ya duba kwanan wata, ya faɗo a ƙarshen Safar 1449.

Ni damuwata biyu ce. Agusta tsakiyar damina ne, hadari na iya rufe komai. Sannan idanun yara. A 2006 na ga masu duban rana ta gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, wasu da baƙin tabarau, wasu a cikin kwanon ruwa, duk kuwa suna iya ƙona ido. Ko rabin rana wata ya rufe, ragowar ta isa ta yi ɓarna. Abin da ya fi sauƙi shi ne a juya wa rana baya, a ɗaga matsami ko takarda mai ƙaramin huji a dubi ƙasa. Ko a tsaya gindin darbejiya: hasken da ke ratsa ganye duk zai koma siffar jinjirin wata, birjik a kan turɓaya.

Da zan tafi Baffa ya tambayi yaushe cikakke zai sake zuwa Najeriya. Na ce 20 ga Maris 2034, zai shigo ta kudu ya ratsa zuwa Kamaru da Cadi, amma wannan daga wata zuriyar yake. Ya ce, "Allah ya nuna mana na kusa tukuna." Muka ce amin. A hanya ruwa ya sake tsinkewa, na fake a rumfar mai shayi har aka kira magariba.