Wata huɗu na yi ina auna jan ruwa

Gwaggota ta shekara biyar tana haɗiyar tamoksifen, miligiram 20 kullum bayan sallar asuba, tun da aka yi mata aikin sankarar mama. Ni nake zuwa kemis in saya mata. Da lokacin zaɓen aikin digirina na biyu ya zo, ban yi dogon tunani ba, na ce ina son ɓangaren homon, wato sinadaran da jiki ke aikawa ta cikin jini su kai saƙo daga wata gaɓa zuwa wata.

Abin da ke cikin ƙwayar Gwaggo shi ne ake kira ƙaramin sinadari. A ma'aunin masana, nauyin tamoksifen wajen 371 ne, insulin kuwa ya kai 5,800. Insulin furotin ne, in aka haɗiye shi ciki zai narkar da shi yadda yake narkar da nama, shi ya sa ta allura ake ba masu ciwon suga shi. Ƙaramin sinadari yakan tsallake ciki, ya shiga jini, ya ratsa har cikin ƙwayar halitta. A 1997 Christopher Lipinski na kamfanin Pfizer ya nuna cewa yawancin magungunan da ake sha ta baki nauyinsu bai wuce 500 ba, kuma har yau masu haɗa sababbin sinadarai suna duba wannan iyaka kafin su ɓata kuɗinsu.

An ba ni sinadarai 24 da wani abokin aiki ya haɗa, kowanne a 'yar kwalba da lamba. Aikina in gano ko akwai wanda zai hana istirojin aiki, wato homon ɗin mata da tamoksifen ke tarewa a mama. Kayan gwajina ƙwayoyin sankarar mama ne da ake kira MCF-7, waɗanda aka samo daga jikin wata mata a Detroit ta Amurka a 1970, ake ta renonsu a ɗakunan bincike har yau. Suna da makarɓin istirojin a cikinsu. In homon ya zo ya zauna a kan makarɓin, sai su hau hayayyafa. Maganin kirki shi ne wanda zai riga shi zama, kamar baƙon da ya mamaye tabarmar mai gida amma ba ya iya ba da umarni.

A faranti mai rami 96 nake shuka su, in ajiye a akwatin ɗumi mai digiri 37, in jira kwana shida, in ƙirga. A kowane faranti nakan ware layi ɗaya in zuba masa istiradiyol zalla, wato babban nau'in istirojin, domin in ga ƙwayoyin sun zabura. Ba su taɓa zabura ba. Wanda na ba homon da wanda ban ba shi ba, duk girmansu ɗaya. Na ga wannan tun makon farko, na kuma kau da kai, saboda wasu daga cikin kwalabena suna rage girman ƙwayoyin, ni kuma abin da nake son gani ke nan.

Sai a wata na huɗu na kai wa Malamar da ke duba aikina sakamakon. Ba ta ko kalli lambobin da na ja wa layi ba. Ta ɗora yatsa a kan layin istiradiyol.

"Wannan fa?"

"Ranki ya daɗe, ina jin homon ɗin ne ya lalace."

"Je ka ɗauko min ruwan da kake ciyar da su."

Na kawo kwalbar, ja jawur kamar zoɓon da aka tsinka. Ta ɗaga ta, ta ce, "Ɗan nan, ai tun ranar farko kake ba su istirojin, kai ne dai ba ka sani ba."

Jan launin wani rini ne mai suna finol ja, ana sa shi don ya nuna in ruwan ya yi tsami. A 1986 rukunin Benita da John Katzenellenbogen a Jami'ar Illinois suka wallafa cewa wannan rini yana aiki kamar istirojin mai rauni, daga baya aka gano wani gurɓataccen abu ne da ke zuwa tare da shi. Ƙari a kan haka, ruwan jinin ɗan tayin saniya da ake haɗawa cikin abincin ƙwayoyin yana ɗauke da nasa homon, sai an tace shi da gawayi na musamman kafin ya fita. Ƙwayoyina sun ƙoshi, ina ta miƙa musu tuwo ina mamakin da ba su ci.

Abin da ya ɗan sanyaya min rai shi ne manya ma sun faɗa irin wannan rami. Ana Soto da Carlos Sonnenschein na Jami'ar Tufts sun ga ƙwayoyinsu suna girma babu dalili, suka bi diddigi har suka gano wani sinadari mai suna nonilfinol ne ke tsatsowa daga robar bututun da suke ajiye ruwan jini. Sun wallafa a 1991. A 1993 aka sami irin haka a Stanford da bisfinol A daga kwalaben roba da aka dafa don kashe ƙwayoyin cuta. Dalilin duka ɗaya ne: homon na aiki da adadin da hankali ba ya ɗauka. Awon da nake amfani da shi daidai yake da a narkar da ƙasa da sulusin miligiram ɗaya a tankin ruwa mai lita 1,000. Wanda ke auna abu kaɗan haka, robar da ya taɓa ma tana da baki a maganar.

Muka yi odar farin ruwa marar rini da tataccen ruwan jini, muka jira makonni. Na bar ƙwayoyin cikinsa kwanaki har suka ji yunwa, sannan na ɗiga istiradiyol. Suka ninka suka sake ninkawa. Ranar ce na fara aikin da na zaci na yi nisa a cikinsa.

Lamba 17 ita ce 'yar lelena. Tana share faranti tas. Har na fara tsara yadda zan rubuta ta. Malama ta sa na gwada ta a kan wasu ƙwayoyin sankarar mama, MDA-MB-231, waɗanda ba su da makarɓin istirojin sam. Nan ma ta share su. Na ƙara istiradiyol mai yawa ko zai ƙwato MCF-7 daga hannunta, bai ƙwato ko ɗaya ba. Ashe guba ce kawai, ba ruwanta da homon. Ruwan wankin banɗaki ma zai ba da wannan sakamako. Da na leƙa madubin likita da kyau, na ga ta daskare ta zama ƙananan duwatsu a gindin ramin, ko narkewa ba ta yi sosai ba.

Lamba 9 ce ta tsira, wadda ban taɓa damuwa da ita ba. Rabin girman kawai take ragewa, amma ba ta taɓa ƙwayoyin da ba su da makarɓi, kuma in na yawaita istiradiyol sai ya ture ta daga tabarmar, girma ya dawo. Wannan turewa ita ce shaidar cewa wuri ɗaya suke takara a kai.

Murna ba ta daɗe ba. Muka haɗa ta da sinadaran hanta a bututu, kafin rabin awa ta kusa ƙarewa. Faranti ba shi da hanta, mutum yana da ita. Tarihin maganin Gwaggo kansa ya isa gargaɗi. Dora Richardson ta haɗa shi a 1962 a kamfanin ICI na Ingila, ana neman maganin hana ɗaukar ciki. A jikin ɓeraye ya hana, a jikin mata kuwa sai ya sa suna sakin ƙwai. Saura ƙiris a watsar da shi, Arthur Walpole, shugaban rukunin binciken, ya nace a gwada shi kan sankarar mama, aka gwada a asibitin Christie na Manchester, Birtaniya ta amince da shi a 1973, Amurka a 1977. Kuma shi hanta taimakonsa take yi: ita ke juya shi ya koma wasu sinadarai, kamar endoksifen, da suka fi shi kama makarɓin nesa ba kusa ba. Ga shi a mama yana toshe istirojin, a ƙashi da mahaifa kuma yana kwaikwayonsa, shi ya sa likita ya ce wa Gwaggo in ta ga jini ta dawo da gaggawa. Babu faranti mai rami 96 da zai gaya maka wannan.

Abokin aikina ya koma teburinsa yana canza gefen da hanta ke gutsurewa a jikin lamba 9. Ya zuwa yanzu ya kawo min 'ya'yanta shida. Biyu sun jure hanta amma sun daina kama makarɓin, saura huɗu suna firiza suna jiran layi.

Da na je gida hutun sallah, Gwaggo ta tambaye ni, "Ɗana, an samo maganin?"

Na ce, "Gwaggo, tukuna. Na dai gano ruwan da ba a amfani da shi."

Ta yi dariya ta ce Allah ya sa albarka, sannan ta miƙo min takardar likita in biya kemis in zan fita.