Sola ko gas: yadda na yi lissafin kuɗin wuta, da wuraren da na yi tuntuɓe

Aikin da aka ba ni tambaya ɗaya ce: idan za a gina sabuwar tashar wutar lantarki, wacce ta fi araha, ta hasken rana ko ta iskar gas? Lissafin kansa bai cika shafi guda na Excel ba. Wahalar tana wajen zaɓen lambobin da za a zuba a ciki, domin uku daga cikinsu, wato kuɗin ruwan bashi, farashin gas da yawan awannin da tasha take aiki, kowannensu shi kaɗai yana iya juya amsar.

Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne matsakaicin kuɗin samar da megawat-awa ɗaya (kilowat-awa dubu) a tsawon rayuwar tasha, wanda a rahotanni ake taƙaita sunansa da LCOE. Ana tara kuɗin gini, kuɗin kula da gyara, da kuɗin makamashin da za a ƙona, a raba su da yawan wutar da tashar za ta fitar. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki kuɗin gini tamkar bashi ne da za a biya kashi-kashi kowace shekara. Bashin dala 100 na shekara 25, idan ruwansa kashi 5 cikin 100 ne, biyansa dala 7.10 ne a shekara. Idan ruwan kashi 12 ne, biyan ya koma dala 12.75. Umarnin PMT na Excel yana fitar da wannan nan take.

Ga lambobin da na ɗauka na yi aiki da su, kuma zato ne na aiki, kowa ya sa nasa. Tashar sola: gini dala 800 kan kowane kilowat, kulawa dala 15 a shekara. Shekara tana da awa 8,760, amma sola ba ta aiki da dare, da safe da yamma kuma ƙarfinta kaɗan ne, don haka na ba ta kashi 20 cikin 100, wato kilowat-awa 1,752 a shekara daga kowane kilowat. Tashar gas mai zagaye biyu, wadda ke amfani da zafin hayaƙin injin farko ta tafasa ruwa ta juya inji na biyu: gini dala 1,200 kan kowane kilowat, kulawa dala 15 a shekara, da ƙarin dala 3 kan kowane megawat-awa, tana aiki kashi 60 cikin 100, wato kilowat-awa 5,256. Tana ƙona gas mai zafin Btu miliyan 6.8 (Btu ma'aunin zafi ne da ake sayar da gas da shi) kafin ta ba da megawat-awa ɗaya, na kuma sa farashin Btu miliyan ɗaya a dala 5.

Da ruwa kashi 5, sola ta fito dala 41 kan megawat-awa, gas dala 56. Da na mayar da ruwan kashi 12, sola ta yi tsalle zuwa dala 67, gas ya tsaya a 69. Farantin sola iri ɗaya, rana iri ɗaya, amma tazarar dala 15 ta narke ta koma 2. Dalili shi ne kusan duk kuɗin sola ana kashe shi ne kafin a kunna wutar farko, saboda haka tsadar bashi tana hawa kansa gaba ɗaya. Gas kuwa fiye da rabin kuɗinsa na makamashi ne da ake saye a hankali shekara bayan shekara. Tun daga nan, duk rahoton da ya ce wata hanya ta fi araha, kafin in karanta sakamakonsa sai na nemo kuɗin ruwan da ya ɗauka, kuma sau da yawa a can ƙarshen takarda yake, da ƙananan haruffa. Na kuma duba ko an cire hauhawar farashi daga ruwan ko ba a cire ba. Idan ka cire ta daga ruwa amma ka bar farashin gas yana hawa da ita, ka zalunci gas, idan ka yi akasin haka ka zalunci sola.

Kuskurena na farko ya fi kowanne muni, kuma da farko ban gan shi ba domin amsar ta yi mini daɗi. Na bi doguwar hanya, shekara-shekara, na rage darajar kuɗaɗen da za a kashe nan gaba zuwa darajarsu ta yau, amma wutar na tara ta yadda take, 1,752 sau 25. Sola ta fito dala 23. Dole ne a rage wutar da adadin da aka rage kuɗin, domin wutar da za a sayar a shekara ta 20 kuɗinta ba ya daidai da na wadda aka sayar bana. Da ruwa kashi 5, shekara 25 tana zama kamar 14.09 ne kawai. Da na gyara, 41 ta dawo. Abin da ya fallasa kuskuren shi ne gwada hanyoyin biyu a kan lambobi ɗaya. Idan ba su haɗu ba, akwai ɓaraka a ɗayansu.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Tashar sola tana da girma iri biyu: ƙarfin farantan, da ƙarfin inbatocin da ke juya wutar farantan zuwa irin wadda layi yake ɗauka. Yawanci akan sa faranti fiye da ƙarfin inbata, kamar kilowat 1.25 na faranti kan kilowat ɗaya na inbata. Na ɗauko kuɗin gini daga wata takarda da ta auna shi da ƙarfin faranti, na ɗauko yawan aiki, kashi 25, daga wata da ta auna shi da ƙarfin inbata. Sakamakon ya zama dala 33, ragin da babu shi a zahiri. Ko dai 800 da kashi 20, ko 1,000 da kashi 25, ba a gauraya su.

Gas ma yana da irin wannan tarko. Masu ƙera inji suna faɗin ingancinsa ne da ƙaramin ma'aunin zafin gas, wanda ba ya ƙirga zafin da ke tafiya da tururin hayaƙi, masu sayar da gas kuwa da babban ma'auni suke cajin kuɗi. Tsakaninsu akwai kusan kashi 11 cikin 100. Injin da aka rubuta masa inganci kashi 60, a ma'aunin mai sayar da gas kusan 54 ne, kuma wannan a ranar gwaji ke nan, inji sabo, iska mai sanyi, lodi cikakke. Shi ya sa na ɗauki 6.8, kusan inganci kashi 50, na bar lambar da ke kan takardar talla.

Akwai ƙananan abubuwa da na ƙara daga baya, ba su juya amsa ba amma sun ɗaga ta. Faranti yana rasa kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 na ƙarfinsa kowace shekara. Zafi yana rage masa wajen kashi 0.3 zuwa 0.4 kan kowane digiri sama da 25, zafin jikin farantin kuma ake nufi, wanda ya fi na iskar wurin sosai. Inbata ba ta cika kai shekara 25 ba, sai an sa kuɗin canza ta sau ɗaya a tsakiya. Sai kuɗin jan layi zuwa inda tashar take, wanda rahotanni da yawa ba sa sawa kwata-kwata.

Don in tabbatar ban kauce hanya ba na gwada lambata da ta hukumar IRENA mai kula da makamashi mai sabuntuwa a duniya, wadda ta sa matsakaicin sababbin manyan tashoshin sola na duniya a 2023 a dala 44 kan megawat-awa, na injinan iska na kan tudu kuma dala 33. A 2010 ta sola ta ninka haka kusan sau goma. Wannan ya sa duk kuɗin ginin da aka ɗauko daga takardar da ta shekara biyar ya riga ya tsufa.

Nukiliya da kwal ban zurfafa a kansu ba, amma darasin nukiliya ya cancanci a ambata. Matsalarta tsawon lokacin gini, domin ruwan bashi yana taruwa alhali ba a sayar da ko kilowat ɗaya ba. Sababbin injina biyu na tashar Vogtle a jihar Jojiya ta Amurka an yi musu kiyasin kusan dala biliyan 14, suka ƙare sama da biliyan 30, suka fara aiki a 2023 da 2024, shekaru bayan lokacin da aka tsara. Lissafin da ya ɗauka za a gama gini a kan kari bai san wannan ba. Idan kuma ana biyan harajin hayaƙi, dala 50 kan tan ɗaya na hayaƙin kabon tana ƙara wa gas ɗina kusan dala 18, kwal kuwa kusan 50, tunda yana fitar da wajen tan guda kan kowane megawat-awa.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Dala 41 ta sola kuɗin wutar rana tsaka ce, dala 56 ta gas kuwa kuɗin wutar da za ka iya kira ƙarfe takwas na dare ta amsa. Ba haja ɗaya ba ce, kuma ma'aunin bai san bambancinsu ba. A Kalifoniya da Jamus da Kudancin Ostareliya, inda sola ta yi yawa, farashin wuta a kasuwa yakan faɗi ƙasa da sifili da tsakar rana, ya tashi bayan faɗuwar rana. Saboda haka na ƙara batir. Na ɗauki dala 300 kan kilowat-awa ɗaya na ajiya, shekara 15, ciko ɗaya a rana, ruwa kashi 5. Ajiyar kaɗai ta ci dala 79 kan megawat-awa. Batir yana mayar da kusan kashi 87 na abin da aka zuba masa, don haka wutar cikon ta tashi daga 41 zuwa 47. Jimla, wutar dare dala 126. Idan rabin wutar ta batir za ta bi, matsakaici dala 84 ne, kuma wannan bai rufe kwana uku na hadari a jere ba.

Gas ma ba ya tsira idan an haɗa su a layi ɗaya. Sola tana ƙwace masa awannin rana, aikinsa ya sauka. Da na rage shi daga kashi 60 zuwa 30, kuɗinsa ya hau daga 56 zuwa 75, tun ma ban sa asarar kunnawa da kashewa kullum ba. Farashin gas ɗin kansa kuma babu mai riƙe da linzaminsa na shekara 25. Yadda farashin gas ya yi tashin gwauron zabi a Turai a 2022, bayan Rasha ta mamaye Yukiren, ya isa misali. Idan Btu miliyan ɗaya ya kai dala 10, tashar gas ɗina ta koma dala 90.

Wani gyara da na yi dab da miƙa aikin: tsohuwar tashar gas da ta riga ta biya bashinta ba a sa mata kuɗin gini. Abin da za a gwada da sabuwar sola shi ne kuɗin makamashinta da kulawarta kawai, kusan dala 40 a misalina, wato sun yi kunnen doki.

Abin da na miƙa a ƙarshe jadawali ne mai nuna farashin gas ɗin da amsa take juyawa a kansa. Da ruwa kashi 5, sola marar batir ta fi araha muddin gas ya wuce dala 2.8 kan Btu miliyan ɗaya. Da ruwa kashi 12, sai gas ya wuce 4.7. Idan kuma rabin wutar za a ajiye don dare, ko da bashi mai sauƙin ruwa, sai gas ya haura dala 9 kafin sola da batir su riske shi.