Godiya ga masu jinyar 'yan uwansu a gida

Alhamdu lillahi, an kammala zaman da muka yi da masu jinya a gida, an watse lafiya. Mu ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi muna miƙa godiya ga iyaye da 'yan uwa da suka samu zuwa, da waɗanda suka tsaya musu a bakin gado har suka dawo. Allah Ya saka da alheri.

Godiya ta musamman ga masu tashi cikin dare su juya marar lafiya duk bayan awa 2. Ba mai ganin wannan aiki, amma shi ke hana gyambon kwanciya. Nauyin jiki ne ke danne fata a kan ƙashi, jini ya daina kaiwa, nama ya fara mutuwa, galibi a ƙugu, kwatangwalo da diddige. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba. Wurin kan yi duhu ne, ya ɗau zafi ko ya yi tauri. Kar a murza shi, a ɗauke masa nauyi kawai. A sa filo ƙarƙashin sharaɓa don diddige ya bar katifa, a kuma sauya shimfiɗa da zarar ta jiƙe, domin fitsari na saurin cinye fata.

Mun gode wa 'yar uwar da ta yi tambaya kan tari lokacin cin abinci. Amsar tana nan: a zaunar da marar lafiya sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, ya ci gaba da zama minti 30 bayan ya gama. In yana ƙwarewa ko muryarsa na gargada bayan haɗiya, abincin na iya bi ta hanyar iska ya jawo ciwon huhu. A dakata, a sanar da likita.

Masu kula da mai shanyewar ɓarin jiki, don Allah kar a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar kan goce. Mutum biyu su kama zanin gado su ɗaga, gwiwa a lanƙwashe, baya a miƙe. Jakar fitsari kuma ta zauna ƙasa da mara, amma kar ta taɓa ƙasa.

Sai dangin da ke karɓar kwana don mai jinya ya samu barci. Ba ku da yawa, gaskiya, shi ya sa godiyarku daban take. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara muku haƙuri da lada.