Abin da ke dagula jan rubutu a kan shuɗi

Masu haɗa katin ɗaurin aure da fastar maulidi a unguwannin Nima da Mamobi na Accra sun san wannan: a kwamfuta rubutu ya fita tas, amma da an tura ta WhatsApp, jan rubutun da ke kan shuɗi sai ya narke kamar ruwa ya taɓa shi. Asalin abin daga idonmu ne.

A bayan ido akwai ƙwayoyi iri uku da ke gane launi. Masu karɓar ja da kore su ne mafi yawa, kuma ƙwaƙwalwa tana haɗa saƙonsu ta auna haske. Masu karɓar shuɗi ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, a tsakiyar wurin da gani ya fi kaifi ma babu su. Shi launi, sai an kwatanta saƙon ƙwayoyi da dama kafin ya fito, don haka bakin harafi da siraran layuka bambancin haske ne ke nuna su.

Injiniyoyi sun daɗe da cin moriyar wannan. A lissafin hasken hoto, kore yana ba da kusan kashi 59, ja 30, shuɗi 11 kacal. Tsarin matse hoto na JPEG na 1992, wanda WhatsApp ke amfani da shi wajen tura hoto, yana raba haske da launi, kuma galibi a kowane ɗigo huɗu na hoton yakan ajiye hasken dukkansu amma launi ɗaya tak. Rabin bayanin ya tafi ke nan, a hoton fuska kuma ba mai lura.

Ja da shuɗi duk masu duhu ne: tazarar haskensu kusan 2 da 1 ce, alhali ƙaramin rubutu yana buƙatar aƙalla 4.5 da 1. Launi ne kaɗai ke riƙe da harafin, shi ne kuma aka rage. Rawaya a kan shuɗi ta kai 8 da 1, baƙi a kan fari 21 da 1.

Kafin ka miƙa wa mai aiki, mayar da zanen baƙi da fari ka duba shi a waya. In suna da ranar biki sun ɓace, sake launi ko ka zagaye haruffan da farin layi. Zanen da za a kai wa mai bugawa kuwa, ajiye shi a tsarin PNG ko PDF maimakon JPEG, ka tura a matsayin fayil don kada a matse shi.